Yunwar da Ba ta Tuwo Ba: Shawarwari ga Gidajenmu a Kan Huce Haushi da Abinci

A daminar 2021 wata ɗabi'a ta shige ni ba tare da na san ranar da ta yi sallama ba. Lokacin ne yaran Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina suke hannun 'yan bindiga. Tun daga ranar 30 ga Mayu da aka kwashe su har ƙarshen Agusta da suka dawo, babu uwar da ta san barci mai daɗi a Kontagora, domin Tegina ba wata uwa duniya ba ce, hanyarmu ce ta zuwa Minna. In yara sun kwanta sai in ɗauki waya in yi ta bin labari, can kuma sai in tsinci kaina a madafa, tsugune a gaban tukunya ina kankarar ƙanzo. Na ci tuwon dare, na ƙoshi, amma hannu ya ƙi daina zuwa baki. Wata rana da asuba na buɗe kwanon da aka ajiye don ɗumamen yara na tarar da rabi. Ni na ci, kuma ko ɗanɗanonsa ban tuna ba.

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ajiye farin ciki da baƙin ciki a ciki, inda tuwo yake sauka. Tun muna yara ake gaya mana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wato a iya haɗiye magana, a iya rufe sirri. Tarbiyya ce mai kyau, amma tana da inda take yi mana illa: wani abin in an haɗiye shi tsayawa yake yi a maƙogwaro, sai mutum ya nemi loma ya tura shi ƙasa. Abin da na fahimta bayan na daɗe ina fama shi ne, yawancin lomar da muke kaiwa baki ba tare da yunwa ba, magana ce da muka kasa faɗa ko buƙatar wani da muka kasa ƙi. Shi ya sa rabin waɗannan shawarwari ya shafi tukunya, rabi kuma ya shafi mutane.

Na san akwai mai cewa: a wannan marra, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kwanon masara ya yi tashin gwauron zabo, ga 'yan'uwa da suka baro gonakinsu a Mariga da Rijau da Mashegu suna raɓe a gidajenmu, wa ke da abincin da zai huce haushi a kansa? Wannan ciwo bai san mai kuɗi ba. Da garin kwaki da sukari ma ana yin sa, da ƙuli-ƙuli ana yin sa. A gidan da abinci yake a ƙirge ma ya fi ciwo, domin bayan ɓacin ran da ya sa aka ci, ga kunyar an ci rabon wani.

1. Ku koyi rarrabe yunwar ciki da yunwar zuciya. Yunwar ciki tana zuwa a hankali, sa'o'i bayan an ci abinci. Ciki ya yi ƙugi, jiki ya yi sanyi, kuma duk abin da aka miƙo, ko dambu ne ko fate ko ɗumame, za ta karɓa, in an ƙoshi ta tafi. Yunwar zuciya kuwa faɗowa take yi kamar hadarin bazara, sau da yawa bayan an ajiye waya ko an gama sa-in-sa da wani. Ba ta son komai sai abu takamaimai: mai zaƙi, mai maiƙo, soyayye. Ba a ciki ake jin ta ba, a baki da ƙirji ake jin ta. Kuma ba ta san ƙoshi ba; sai kwano ya ƙare ko wani ya shigo. Alamarta ta ƙarshe ita ce nadama.

Wannan ba raunin imani ba ne, kuma ba haɗama ba ce kawai. In mutum ya firgita farat ɗaya, jiki kan kashe sha'awar abinci, shi ya sa wanda aka yi wa mummunan albishir ko ruwa ba ya iya haɗiya. Amma in damuwa ta zauna kwana da kwanaki, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan yi ta sakin wani sinadari da likitoci ke kira kotisol, shi kuwa yana buɗe ciki, yana karkata rai zuwa ga zaƙi da maiƙo. In aka ci sai a ji sanyi na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe cewa ga maganin da ya yi aiki jiya. Haka ɗabi'ar take kafuwa. Kafin ku kai hannu, ku tambayi kanku tambaya ɗaya: da kwaɗon zogale ne a gabana yanzu, zan ci? In amsar a'a ce, ba ciki ne yake kira ba.

2. Ku ware littafi na mako biyu. Littafin makaranta mai fallaye ashirin ya isa. Duk lokacin da aka ci wani abu ba a kan ƙa'ida ba, a rubuta abu uku: ƙarfe nawa, me aka ci, da kuma abin da ya faru kafin nan. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ɗauki muryarsa a waya. Ba ƙirgen loma ake yi ba, sawun ɓarawo ake bi. Ni da na yi nawa, abin da ya fito ya ba ni mamaki: ban da daren labaran tashin hankali, kusan duk sauran ranakun sun faɗo ne a yinin da wata 'yar'uwa ta kira ni da wata buƙata na ce to, alhali zuciyata tana cewa ba zan iya ba. Wata za ta ga nata yana zuwa ne ranar girkin abokiyar zamanta. Wani zai ga nasa ƙarshen wata ne, in masu bin bashi suka fara sallama. Sai an san ƙofar da ɓarawo yake shigowa sannan a san inda za a sa sakata.

3. Kada ku horar da ciki da yunwa. Kuskuren da yawancinmu muke yi bayan daren da muka zarce shi ne mu ce gobe ba karin kumallo, ba abincin rana. Yamma na yi jiki ya rama da riba. Uwargida da ta tashi tun asuba, ta sallami 'yan makaranta, ta yi wanki, ta ɗora sanwa, ba ta sa komai a bakinta ba sai bayan la'asar, ba abin mamaki ba ne in dare ya same ta a bakin tukunya. A ci sau uku in da hali, sau biyu in babu, amma a tsayar da lokaci. Kuma a nemi abin da yake riƙe ciki: wake, ƙosai ko alala da koko, gyaɗa, awara, ƙwai, nono, ganye. Allah Ya hore wa ƙasar Kontagora wake da waken suya da gyaɗa da dawa. Sun fi burodi da shayi mai sukari daɗewa a ciki nesa ba kusa ba. Azumin nafila ibada ce, a yi shi don Allah. Kada a mayar da shi bulalar hukunta kai saboda an ci da yawa jiya.

4. In abin ya taso, ku ba shi minti goma. Ba a ce kada ku ci ba, an ce ku jinkirta. A sha ruwa, a yi alwala, a fita tsakar gida, a share ƙofar ɗaki, a kira ƙawa. Kwaɗayi yana hawa ne ya kai ƙololuwa sannan ya sauka da kansa, kuma sau da yawa kafin minti goma ya cika ƙarfinsa ya karye. In bai karye ba, a zuba a kwano, a zauna, a yi bisimilla, a ci kamar mutum mai mutunci. Ban da ci a tsaye, ban da ci daga tukunya ko daga leda, ban da ci a ɓoye. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, don haka mai saurin loma yakan wuce ƙoshi bai sani ba. Koyarwar da duk ɗan Islamiyya ya haddace, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ba ta yiwuwa ga mai ci da gaggawa.

5. Ku duba abin da kuke ajiyewa a ɗaki. Cincin da alkaki da dublan da suka rage daga biki, in suna cikin bokiti a ƙarƙashin gado, to da dare za su kira sunanki. A raba wa maƙwabta da almajirai tun da rana. Abin sha kuwa ya fi yaudara, domin ba a ɗaukar sa a matsayin ci. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato wajen ƙaramin cokali 12, ta kuma ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Yawancin lemon kwalba mai gas yana ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, ke nan robar santilita 50 guda ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya. Har gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan abin sha a Dokar Kuɗi ta 2021. Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa zoɓo da kunun aya na gida ne. In an zazzaga musu sukari da gwangwani, duk kanwar ja ce. A rage sukarin kaɗan-kaɗan, a ƙara citta da kanumfari, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Abin da ya kamata ido ya fara gani in an shiga madafa shi ne lemon zaƙi, gwanda, kankana, mangwaro in lokacinsa ne, ko 'yar soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu.

6. Ku gina wa kanku zaure. A nan maganar take, kuma a nan na fi daɗewa kafin in iya.

Kakanninmu ba su taɓa ganin iyaka a matsayin rashin mutunci ba. Dubi gidan Bahaushe: akwai ƙofar gida, akwai zaure inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama, akwai tsakar gida, akwai ɗaki, akwai ƙuryar ɗaki. Kowa da inda ƙafarsa take tsayawa, kuma babu wanda ya ce mai gidan ba ya son mutane. Manomi yana dasa gamba a iyakar gonarsa da ta ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, ba don gaba ba, sai don kada gaba ta shigo. Amma in aka zo ga lokacinmu da kuɗinmu da ƙarfin jikinmu, sai mu bar su fili ba shinge, kowa ya ratsa. An fitar da anko uku a wata ɗaya, ki ce to. Ƙanen miji ya turo a ba shi rance alhali na bara bai dawo ba, ki ce to. Maƙwabciya ta ajiye miki yara huɗu ta tafi unguwa ba ta ko tambaya ba, ki yi murmushi. Mun sa wa wannan suna kara da kawaici da alkunya, kuma su halaye ne na gari. Sai dai karar da za ta bar ki kina kuka a madafa kina cusa abinci ta riga ta tashi daga kara. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Ƙin abu a Hausa ba sai an ce a'a tsirara ba. Harshenmu yana da tufafin da yake sa wa magana. Ga irin waɗanda suka yi mini aiki. Ga babbar 'yar'uwa: "Yaya, wallahi wannan karon ba zan samu yin ankon ba, amma in Allah Ya kai mu zan zo da wuri in kama aiki." Ga mai neman rance: "Kawu, ka yi haƙuri, abin da ke hannuna na makarantar yara ne. Ga wannan ka sa mai a mashin, ba bashi ba ne." Ga maƙwabciya: "Maman Abba, yau ba zan iya riƙe su ba, jikina ba daɗi. In za ki fita gaba ki gaya mini tun dare." Ga wanda ya tsare ki yana son amsa nan take: "Bari in yi shawara da maigida, zan kira ka gobe." Wannan ta ƙarshe tana da daraja, domin yawancin alkawuran da suke cin ranmu a tsaye muka ɗauke su, cikin kunyar ido.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, kada a tsawaita bayani. Dogon uzuri yana buɗe ƙofar ciniki, kuma yana kai mutum ga ƙarya. Na biyu, a sa ran za a ji haushi. Wanda ya saba ratsa gonarki ba zai yi murna da ganin shinge ba. Za a ce kin canza, za a ce girman kai. Ranar da na fara ƙin wata buƙata hannuna har rawa yake yi, kuma an yi kusan wata guda ana amsa gaisuwata a daƙile. Amma zumuncin bai mutu ba. Na ci gaba da zuwa, na ci gaba da gaisuwa, na ci gaba da ba da abin da zan iya da zuciya ɗaya. Iyaye kuwa haƙƙinsu daban ne, ba a haɗa su da kowa. Amma ko su, gara a ce "Inna, ga abin da zan iya kowane wata" a kuma cika, da a yi alkawarin da za a riƙa ɓuya saboda shi.

Maigida da uwargida su zauna su yanke abin da gidan zai iya fitarwa a wata don gudummawar biki da suna da taimakon dangi. In ya ƙare ya ƙare, sai dai lalurar rashin lafiya ko mutuwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

7. Tayin abinci ma yana da iyaka. A wurinmu ƙin cin abincin mutum kamar ƙin mutumin ne, musamman a gidan surukai ko ranar Sallah da ake shiga gida biyar a yini ɗaya. Ba sai an ƙi ba. A sa albarka da loma biyu, a yaba wa mai girki, a ce: "Gwaggo, Alhamdu lillahi, na ƙoshi. In ba damuwa a juye mini in tafi wa yara da shi." Ban taɓa ganin wadda ta ji haushin wannan ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya faɗa kai tsaye cewa likita ya hana. Ba abin kunya ba ne. Mu kuma masu masauki mu rage matsa wa baƙo. Tayi sau ɗaya ko biyu karamci ne, na biyar takura ce. Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kada a fahimce ni a baibai. Abinci yana sanyaya zuciya, kuma babu laifi a haka. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa. Kwanon da maƙwabta suke aikawa gidan makoki rahama ne. Bambancin shi ne wancan ana cin sa cikin mutane, da hannun mai ƙauna a kafaɗarka. Wanda nake magana a kai shi ne na ɓoye, wanda ake ci don kada a yi magana da kowa.

8. Ku sa wa waya lokacin kwanciya. A yankin da kusan kowane mako ake jin an tare hanya ko an shiga wani ƙauye, ba zan ce kada a bi labari ba. Wani lokaci labarin ne yake hana mutum faɗawa hannun miyagu. Amma sanin halin da hanya take ciki daban, kallon bidiyon gawarwaki a WhatsApp da ƙarfe ɗayan dare daban. Na biyun ba ya ceton kowa, sai dai ya hana barci. Rashin barci kuwa yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, yana rage wanda ke sanar da ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana ido biyu yake wuni yana neman zaƙi. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai. A saurari labarai a rediyo da safe da yamma, a kashe saukar bidiyo kai tsaye, a fice daga zauren WhatsApp ɗin da ba a turo komai sai tashin hankali. In ɗan'uwa ne yake turowa, a ce masa: "Don Allah in akwai abin da ya shafi namu ka kira ni, amma ka daina turo mini hotunan." Bayan sallar isha'i waya ta kwana nesa da matashi.

9. Jikinki ba abin hirar tsakar gida ba ne. Mace a garin nan tana tsakanin wuta biyu. In ta rame a ce miji ba ya kula da ita ko kishiya ta sa ta a gaba; in ta yi jiki a ce ta zama buhu. Duka biyun suna tura mata ga abinci, ko ga abin da ya fi abinci muni. Ina nufin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare suke saya a kemis ba da takardar likita ba. Da yawansu maganin wasu cututtuka ne daban, irin su dezametazon, kuma kumburin da suke kawowa ba lafiya ba ce: suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ta je asibiti a janye mata a hankali. Haka shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok, yawanci gudawa kawai yake sawa. Mai yi miki sharhi a kan jiki kuwa amsa ɗaya ta ishe ta: "Alhamdu lillahi, lafiyata ƙalau." Sai ki kawo wata hirar. In ta maimaita, ki ce: "Anti, don Allah a bar maganar nan, ba na jin daɗinta."

10. Kada a toshe bakin yaro da alewa. Yaro ya faɗi ya yi kuka, a ce yi shiru ga biskit. An yi masa faɗa ya yi fushi, a lallashe shi da lemo. Da haka muke koya masa tun yana rarrafe cewa maganin ɓacin rai a shago yake. A ɗauke shi, a goya shi, a tambaye shi me ya faru, a bar shi ya faɗa ko da shirme ne. In ya ce ya ƙoshi a yarda da shi, kada a tsaya a kansa da bulala sai ya suɗe kwano. Kuma kada a laƙaba wa yaro mai jiki suna irin su Tumbi ko Acici. Yana girma da sunan a zuciyarsa ko da kowa ya manta.

11. Maigida, da kai ma ake. Namiji ba ya tsugunawa gaban tukunya, don haka ake zaton abin na mata ne. Nasa a waje yake: teburin mai shayi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, Indomie biyu da ƙwai uku da shayi mai kauri, bayan ya ci tuwo a gida, ko tsire da balangu a tsaye a bakin titi ranar da kasuwa ta ƙi, ko ranar da aka yi masa cin fuska a wurin aiki ya kasa ramawa. An koya wa namiji cewa faɗin damuwa gazawa ce, sai ya zauna a majalisa awa uku ana hirar siyasa da ƙwallo, ya tashi babu wanda ya san bashi ya hana shi barci. Ka nemi mutum ɗaya, amini ko malami ko matarka, wanda za ka iya ce wa: "Wallahi abubuwa sun yi mini yawa." Ka kuma sa ƙafa a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Tafiya masallaci mai ɗan nisa a ƙafa maimakon hawa mashin ta biya wani kaso. Sannan ka duba ko kai ne damuwar da take tura matarka madafa da dare. Ka ba ta damar ziyarar 'yan'uwanta, ka tsaya tsakaninta da danginka in sun wuce gona da iri, domin akwai shingen da ita ba za ta iya kafawa ba sai da hannunka.

12. Ku san lokacin da abin ya wuce shawarar gida. Za a yi tuntuɓe, wannan tabbas ne. In an zarce yau, gobe a karya kumallo kamar kullum, a rubuta a littafi, a ci gaba. Amma akwai alamun da ba a zama da su. In mutum yana cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, yana ɓoyewa, kuma hakan yana faruwa kamar sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, wannan cuta ce da likitoci suka sani, tana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairun 2022, kuma ana maganinta. Haka in ana tilasta wa kai amai ko shan maganin gudawa bayan ci. In yawan ci ya haɗu da yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, a gwada sukari ba tare da ɓata lokaci ba. In kuwa baƙin ciki ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, barci ya lalace, abin da ake so da ya daina daɗi, musamman ga mai jego, ko mutum ya fara jin gara ya mutu ya huta, to a tafi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

A fara da Babban Asibitin Kontagora ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a nemi a gwada hawan jini da sukari. In ana buƙatar ƙwararru a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna da na Kware a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da sirrin mai neman magani. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. Ranar zuwa a tafi da littafin nan na mako biyu da duk wani magani da ake sha, har da na gargajiya da na kemis, a kuma tafi da mutum ɗaya da aka yarda da shi. In an shiga wurin likita kada a tsaya a kan ciwon kai da ciwon jiki kamar yadda muka saba. A faɗa masa yadda abin yake: "Likita, in raina ya ɓaci ina ci ba na iya tsayawa, kuma ya kai wata kaza ina haka."